Idan Wuta Ta Tafi Ba Ta Dawo Ba: Nazari a Kan Labaran Bayan Rushewar Zamani

Gabatarwa

Akwai wani reshe na ƙagaggun labarai da ya yi ƙarfi a adabin Turawa, musamman na Amurka, wanda ba a cika tattauna shi a azuzuwanmu na adabi ba. A irin waɗannan labarai, marubuci kan ƙaga cewa wata babbar masifa ta auku, kamar yaƙin nukiliya ko annoba, ta hallaka yawancin jama'a, ta kuma rusa gwamnati da kasuwa da asibiti. Daga nan sai ya bi sawun 'yan tsirarun da suka tsira don a ga yadda za su rayu. Wannan maƙala za ta dubi wani ɓangare guda ne na waɗannan labarai, wato waɗanda aka gina a kan ɗaukewar wutar lantarki ta tsawon watanni ko shekaru. Za a auna abin da marubutan suka faɗa da abin da ya taɓa faruwa a zahiri.

Kafin a yi nisa, ya kamata mu daidaita kan suna, tunda mu ɗaliban harshe ne. Kalmar da Turawa ke kiran wannan reshe da ita ta samo asali ne daga Girkanci, kuma ma'anarta ta farko ita ce buɗe abin da yake rufe, daga baya ta ɗauki ma'anar ƙarshen duniya. Idan aka fassara ta kai tsaye aka ce “labaran bayan tashin duniya”, Bahaushe zai fahimci ana maganar alƙiyama ne da hisabi, irin abin da waƙoƙin wa'azi ke tsoratarwa a kai. Alhali a waɗannan labarai duniya tana nan, rana tana fitowa, mutane na jin yunwa. Abin da ya ƙare shi ne tsarin rayuwar zamani. Saboda haka na zaɓi in kira su “labaran bayan rushewar zamani”. Wanda yake da sunan da ya fi wannan dacewa, fili a buɗe yake.

Yadda Lantarki Ya Zama Jigo

Reshen ya girmi fitilar lantarki, domin tun a 1826 Mary Shelley ta wallafa The Last Man, inda annoba ce ta share ɗan Adam. Amma da lantarki ya shiga kowane gida a Turai da Amurka, sai marubuta suka gane cewa ba sai sun rusa gini ko ɗaya ba kafin su rusa birni. A 1943 Bafaranshe René Barjavel ya rubuta Ravage, inda lantarki ya ɓace haka kawai a shekarar 2052, birnin Faris ya faɗa cikin yunwa da gobara. A Earth Abides na George R. Stewart, wanda ya fito a 1949, annoba ta kashe ma'aikata amma injinan madatsun ruwa suka ci gaba da juyawa su kaɗai na wani lokaci. Ranar da fitilu suka dusashe suka mutu ita ce ranar da tauraron labarin ya tabbatar cewa zamanin da ya sani ya wuce.

Littafin da ya fi shahara a wannan fage shi ne One Second After na William R. Forstchen, wanda aka buga a 2009. Muhallin labarin wani ƙaramin gari ne mai suna Black Mountain a jihar Karolina ta Arewa. Abokan gaba sun fasa makaman nukiliya can sama a sararin samaniyar Amurka. Babu wanda wutar bam ta ƙona, amma bugun maganaɗisun lantarki da fashewar ta haifar ya ƙone na'urori, wuta ta ɗauke, waya ta mutu, motoci suka tsaya cak a kan titi in ban da tsofaffin da ba su da kwamfuta a jikinsu. Babban tauraro, John Matherson, malamin tarihi ne kuma tsohon kanar na soja. 'Yarsa Jennifer tana fama da ciwon sukari, irin wanda ba a rayuwa da shi sai da allurar insulin.

A nan ne gwanintar marubucin ta fito ta fuskar zubi da tsari. Bai jera babobinsa bisa faɗa ko soyayya ba, ya jera su ne bisa ƙidayar kwanaki, kuma kowane zango yana da irin mutanen da yake ɗauka. Da farko tsofaffi da marasa lafiya da ke gidan jinya, waɗanda rayuwarsu ta rataya a kan na'ura da magani. Bayan su sai waɗanda gurɓataccen ruwa da ruɓaɓɓen abinci suka kama. Can gaba sai yunwa ta shigo. Mai karatu ya san tun daga farkon littafi cewa kwalaben insulin na yarinyar ƙidayayyu ne kuma zafi yana rage musu ƙarfi, don haka kwalaben nan su ne agogon labarin. A ƙarshe yarinyar ta rasu. Shekaru 50 kafin haka, a 1959, Pat Frank ya yi amfani da wannan dabara a Alas, Babylon, inda wata mata mai ciwon sukari ta mutu bayan firji ya daina aiki, kuma mutanen garin suka tsira ne da rijiya mai tunkuɗo ruwa da kanta da kuma gishirin da suka sha wahala kafin su samo.

Me Ya Taɓa Faruwa a Zahiri?

Marubutan ba da ka suka ƙago barazanar ba. A watan Satumba na 1859 wata guguwa daga rana ta bugi duniya har wayoyin tangarahu suka riƙa tartsatsi. A ranar 13 ga Maris 1989 wata irinta ta jefa lardin Kwibek na Kanada cikin duhu na kimanin awa 9. A watan Yuli na 1962 Amurka ta gwada makamin nukiliya a sama da tekun Pasifik, sai fitilun titi suka mutu a Hawai, mai nisan kusan kilomita 1,400. A Disamba 2015 masu kutse ta kwamfuta sun yanke wa mutane fiye da 200,000 wuta a Yukren, shekara uku bayan Marc Elsberg ya ƙaga irin wannan hari a kan Turai cikin littafinsa na Jamusanci mai suna Blackout. Wani lokaci ma ba a bukatar maƙiyi. A ranar 14 ga Agusta 2003, wayoyi da suka taɓa bishiyoyi a jihar Ohayo, tare da na'urar gargaɗi da ta ƙi aiki, sun isa su raba mutane kimanin miliyan 50 da wuta a Amurka da Kanada.

Sai dai akwai inda ƙagen ya yi zuƙu. Hukumar da majalisar Amurka ta kafa don binciken irin wannan bugun maganaɗisu ta gwada motoci 37, kamar yadda rahotonta na 2008 ya nuna, kuma ƙalilan ne suka tsaya, su ɗin ma aka sake tayar da su. Ke nan hoton nan na tituna cike da matattun motoci ya fi kusa da adon labari. Inda hatsarin gaske yake shi ne manyan taransifoma na tashoshin rarraba wuta. Wasu nauyinsu ya haura tan 100, ana ƙera kowace ne daidai da bukatar tasharta, kuma daga yin oda zuwa isowa a kan shafe fiye da shekara. Idan da yawa suka ƙone a lokaci guda, babu kantin da za a je a sayo. Bugu da ƙari, yawancin tashoshin samar da wuta su kansu suna bukatar wuta kafin su tashi, don haka sai an fara da 'yan tsirarun da ke iya tayar da kansu, kamar na madatsun ruwa, sannan a riƙa jona sauran sannu a hankali. Wannan ne ya sa hankali ya tashi a jihar Tekzas a Fabrairu 2021, lokacin da masu kula da layin wutar jihar suka ce minti 4 da daƙiƙa 37 suka rage layin ya rushe gaba ɗaya. Ko da bai rushe ba, hukuma ta ƙidaya mutum 246 da suka mutu a sanyin.

Misalin da ya fi kusa da abin da littattafan ke siffantawa shi ne tsibirin Puwato Riko. Guguwar Mariya ta rusa layin wutarsa a Satumba 2017, kuma sai da aka yi kusan wata 11 kafin a mayar wa kowa da wuta. Adadin mamatan da gwamnati ta amince da shi ya kai 2,975, kuma yawancinsu ba iska ko ambaliya ce ta kashe su ba. Sun mutu ne a makonni da watannin da suka biyo baya, a lokacin da asibitoci suka gurgunce, magani da tsaftataccen ruwa suka yi wuya. Wato jerin mace-macen da Forstchen ya tsara bai yi nisa da gaskiya ba.

Bindiga ko Maƙwabci?

Inda nake da ja da yawancin marubutan shi ne yadda suke kallon ɗan Adam. A The Road na Cormac McCarthy, wanda ya fito a 2006, uba da ɗansa suna tura keken kaya a cikin toka, kuma kusan duk wanda suka hango abin gudu ne, har da masu cin naman mutane. A One Second After ma labarin ya kai ƙololuwa ne da yaƙi tsakanin mutanen gari da wata rundunar 'yan ta'adda. Daga irin wannan tunani ne wasu Amurkawa masu shirin ko-ta-kwana suke tara abincin gwangwani da harsashi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kowa ta kansa yake yi.

Tarihi bai goyi bayan wannan gaba ɗaya ba. Gaskiya ne an wawashe kantuna a birnin Niyok lokacin ɗaukewar wuta ta Yuli 1977, har aka kama mutane fiye da 3,000. Amma a birnin nan dai wuta ta ɗauke a 1965 da kuma 2003, aka kwana lafiya, talakawa suna tsayawa a mararraba suna ba motoci hannu. Rebecca Solnit ta tattara misalai masu yawa a littafinta A Paradise Built in Hell na 2009, tana nuna cewa abin da mutane suka fi yi idan masifa ta sauka shi ne taimakon juna. Dalilin da ya sa marubuta ke fifita bindiga a fili yake: rikici shi ne ƙashin bayan labari, kuma layin ɗibar ruwa ba ya sayar da littafi. Duk da haka akwai waɗanda suka bi wata hanya. Octavia Butler, a Parable of the Sower na 1993, ta ba mu yarinya Lauren Olamina (mai karatu zai lura sunan na Yarbawa ne) wadda ta haɗa jakar gudun hijira da kuɗi da irin shuka, ta karanci tsirran da ake ci, amma abin da ya cece ta shi ne jama'ar da ta tara a hanya. Haka kuma a Station Eleven na Emily St. John Mandel, na 2014, shekara 20 bayan annoba ga ayarin makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo suna yawo gari-gari.

Idan aka tace shirin da ke da amfani daga cikin labaran, ruwa ne a gaba da komai, domin famfo da rijiyar burtsatse mai inji duk da lantarki suke aiki. Hukumomin agajin gaggawa na Amurka suna ba da shawarar a tanadi kimanin lita 4 ga kowane mutum a rana, ƙungiyoyin jinƙai kuwa suna ɗaukar lita 15 a matsayin mafi ƙaranci idan aka haɗa da girki da tsafta. Firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi na kamar awa 4 ne kawai, saboda haka hatsi da wake da busasshen kifi sun fi naman ƙanƙara daraja a irin wannan rana. Insulin da aka fitar daga firji kan yi kusan mako 4 muddin bai sha zafi sosai ba. Janareta kuwa yana da nasa sharrin, don a cikin hayaƙinsa akwai iskar guba marar wari, kuma tana cikin abin da ya kashe mutane a Tekzas. Ba a kunna shi cikin ɗaki ko a bakin taga.

Mu Fa?

Na san wani ɗan'uwa ɗalibi zai yi dariya ya ce abin da Bature ke kira ƙarshen zamani shi ne ranar Talatarmu. Da gaskiyarsa, amma rabi. Mun saba da ɗaukewar wuta ta awoyi ko kwanaki, muna da rijiya da gawayi da fitilar caji. Tun a shekarar 2000 wani malami daga jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sami lambar yabo ta Rolex saboda yaɗa dabarar sanya tukunyar ƙasa cikin wata tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, don adana kayan lambu ba tare da lantarki ba. Amma janaretan da muke taƙama da shi yana shan mai ne, turakun kamfanonin waya ma da man dizal suke aiki, kuma kuɗinmu yanzu sun koma cikin waya da na'urar cirar kuɗi. Idan mai ya yanke tare da wuta, to sabon da muka yi da duhu ba zai kai mu nesa ba.

Mun ma ɗanɗana. A farkon 2021 'yan tayar da ƙayar baya sun fasa turakun layin da ke kai wuta Maiduguri daga Damaturu, birnin ya yi watanni a yanke. A Oktoba 2024 jihohin arewa da dama sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Ga kayan labari a zube ga marubutan Hausa, waɗanda tun a 1969 Umaru Dembo ya buɗe musu ƙofar ƙagen kimiyya da Tauraruwa Mai Wutsiya. Wanda zai rubuta irin wannan littafi a cikin Hausa ba ya bukatar tsohon kanar da bindiga. Zai iya farawa da mai injin niƙa da ya rufe shago, da mai ƙanƙara da jarinsa ya narke, da ungozomar da ke karɓar haihuwa da hasken waya mai saura kashi 5 na caji, da kuma ɗan ga-ruwa, wanda a kwana na uku kowa a unguwa zai koyi sunansa.