Darasi: Illolin Salon Shugabanci Uku a Wurin Aiki

Darasinmu na wannan fitowa na duk wadda ke da mutane a ƙarƙashinta ne: shugabar makaranta, babbar nas, ko mai shagon ɗinki da 'yan koyo.

A shekarar 1939 masanin halayyar ɗan'adam Kurt Lewin da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi a Jami'ar Iowa ta Amurka. Sun kasa yara maza rukuni-rukuni, aka jagorance su da salo uku. Ga darasin da za mu ɗauka.

1. Kama-karya. Shugaba ya faɗa, kowa ya bi. Aiki ya yi sauri, amma da zarar ya bar ɗakin sai yaran su sake, wasu kuma suka riƙa huce haushi a kan junansu. 'Yar'uwa, in tsoronki kawai ake ji, to za a riƙa ɓoye miki kuskure. A asibiti kuwa kuskuren da aka ɓoye yana iya cin rai.

2. Shawara. Nan yaran suka ci gaba da aiki ko shugaba ba ya nan. To amma shi ma da illarsa in an wuce gona da iri: yau mitin, gobe mitin, taron tsintsiya ba shara. Masu baki su rinjayi masu gaskiya, abin gaggawa ya kwana. Aya ta 159 ta Suratu Ali Imrana ta haɗa tausasawa da shawara, sannan ta zo da ƙudurta niyya da tawakkali. Ki saurara, amma ke za ki yanke.

3. Sakin ragama. Wannan rukuni shi ya fi kowa ƙarancin aiki. Mu mata, kunya da kawaici kan jefa mu nan. Kina jin nauyin yi wa wadda ta girme ki magana a kan latti, sai nauyi ya koma kan mai ƙwazo guda, har ita ma ta gaji ta ajiye.

Ga ma'auni mai sauƙi: ranar da kika tafi hutun haihuwa, aiki zai tsaya ne ko zai ci gaba? Amsar ita ce hoton shugabancinki. Tun yanzu ki rarraba aiki, ki koyar da mataimakiya, ki riƙa bibiya.

Allah Ya ba mu ikon sauke amana, amin.