Yadda Ake Horar da Karen Farauta Kafin a Kai ga Abin Wuya Mai Lantarki

Da zarar an kawar da amfanin gona a ƙasar Wudil, aka saki dabbobi su bi kara da harawa, lokacin farauta ya kama. Dajin da mafarauci zai shiga da karnukansa neman zomo da kurege da gafiya, nan ne kuma awakin ƙauye suke yawo, ta nan ake koro shanu zuwa kasuwar Juma'a ta Wudil, a gefen kogi kuma ga masu noman rani da shukarsu. Saboda haka sa kare ya bi abin da ke gudu ba wahala ba ne, da wannan halin aka haife shi. Aikin yana wajen tsayar da shi. Wannan ne ya sa wasu matasan mafarauta suka fara sha'awar abin wuyan nan mai lantarki da suke gani a bidiyon maharban Amurka, wanda ake latsa rimot daga nesa ya ja kare a wuya. Abin da nake so in kafa hujja a kai shi ne na'urar ba ta koya wa kare komai. Iyakarta ta tuna masa umarnin da ya riga ya sani, don haka ita ce matakin ƙarshe, kuma yawancin karnuka ba sa bukatar a kai su gare ta.

Ma'aunin horarren kare ma ba sabo ba ne a wurinmu. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo idan an ambaci sunan Allah, malaman fikihu kuma suka siffanta horarren da cewa shi ne wanda in an cuna shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Rabin farko kyauta ne, rabi na biyu shi ake sha wa wahala, kuma tun kare yana kwikwiyo ake fara shi. Ana zaɓo ɗan karyar da aka san ta da bin sawu, a raba shi da uwa yana kamar wata biyu, a yi masa allurar haukan kare idan ya kai wata uku (a Vom ta jihar Filato ake haɗa ta, ba sai an jira ta waje ba), a riƙa cire masa kaska. Sannan mutum ɗaya ya riƙe ciyar da shi. Duk lokacin da za a ajiye masa ƙanzo ko ɗan kayan ciki, sai a kira sunansa da fito iri ɗaya, kullum ba canji. Cikin 'yan makonni kiran da abinci sun zama abu guda a kansa. Dokar da ba a karyawa a nan ita ce ba a kiran kare don a doke shi. Wanda ya kira karensa ya zo sannan ya sheme shi da gora saboda laifin ɗazu, ya koya masa cewa zuwa ne laifin.

Idan ya kai wata huɗu zuwa shida sai a ɗaura masa doguwar igiya a fita bayan gari. A bar shi ya yi gaba, hankalinsa ya tafi kan wani abu, sannan a kira sau ɗaya. Ya juyo, a ba shi lada. Ya yi biris, a jawo igiyar a hankali har ya iso, nan ma a ba shi. A nan ake haɗa kiran da busar ƙaho, domin a daji murya ba ta kai inda ƙaho ke kaiwa. Bayan haka a jawo fatar zomo a ƙasa a ɓoye ta cikin sabara, a sa shi ya nemo da hanci, daga nan a haɗa shi da tsohon kare mai natsuwa su fita tare, wanda shi ne babban malaminsa. Matakin da aka fi tsallakewa kuwa shi ne na awaki. Kamata ya yi a riƙa ratsawa da shi ta cikin garke yana kan igiya, da kaji da tumaki da maruƙa, da ya kafa wa akuya ido ya miƙe wuya a tsawata tun bai zabura ba, da ya kau da kai a yaba masa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Karen da bai saba da awaki a igiya ba, ranar farauta zai jawo wa ubangidansa biyan dabba a gaban mai unguwa, ko abin da ya fi haka muni tsakaninsa da makiyayi.

Sai kare ya wuce duk wannan, ya haura wata shida, yana amsa kira a igiya amma yana ƙi idan ya yi nisa, sannan maganar na'ura ta taso. Ƴar akwati ce a jikin madauri, da ƙusoshin ƙarfe biyu masu dakusasshen kai da ke taɓa fata, rimot ɗin kuma yana da ƙara da jijjiga da jan lantarki hawa-hawa. Ana ɗaura ta can sama kusa da muƙamuƙi, a matse daidai yadda yatsa biyu za su shiga ƙarƙashin madaurin. Mako ɗaya ko biyu na farko a kashe take, yana yawo da ita kawai, don kada ya gane cewa sai tana wuyansa ake jin magana. Daga nan a nemo matakinsa, ana farawa daga mafi ƙasa a wuri shiru, ana ƙarawa ɗaya-ɗaya har a ga kunne ya motsa ko ya waiga kamar ƙuda ya sauka masa. A nan ake tsayawa. In ya yi ƙara ko ya ɓoye wutsiya, an wuce gona da iri. Karnukanmu gajeren gashi ne da su, kuma jiƙaƙƙiyar fata ta fi jin lantarki, don haka wanda ya fito daga kogi ba a taɓa shi da matakin busasshe. Tsarin amfani kuwa, kira ne da fari, sai ƙarar na'urar, sai ɗan ja idan ya ƙi, a saki da ya juyo, a ba shi lada da ya iso, kuma har yanzu igiyar tana jikinsa don ta nuna masa inda mafita take. Latsawar da ta makara da daƙiƙa uku ta zama zalunci, domin kare zai danganta zafin da duk abin da ke gabansa a lokacin, ko yaro ne ko wani kare. Da an dawo gida a cire, saboda ƙusoshin suna yin gyambo in sun daɗe a wuri ɗaya.

Wani zai ce ko da wannan taka-tsantsan ɗin azabtarwa ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta na'urar tun 2010, a Jamus ma an hana, binciken Jami'ar Lincoln ta Ingila na 2014 da na 2020 kuma bai ga ta fi horo da lada ba wajen koya wa kare amsa kira. Na yarda da wannan, shi ya sa ma na ajiye ta a ƙarshe. Amma akwai inda nake ganin ta fi abin da ake yi yanzu sauƙi. Karen da ya ɗanɗana jinin akuya, makomarsa a ƙauye duka ne, ko guba, ko a kashe shi. A ƙasar New Zealand da irin wannan na'ura ake hana karnukan farauta taɓa tsuntsun kiwi da ake karewa, ta hanyar ja ƙalilan a hannun ƙwararre. In ja biyu ko uku za su raba kare da awaki ya rayu, ban ga hujjar fifita gora a kansu ba. Wani kuma zai ce kakanninmu sun yi farauta ba batir ba rimot. Gaskiya ne, sai dai dajinsu ya fi namu faɗi, gonaki da garake ba su matse shi haka ba.

Duk da haka, ga mafaraucin Wudil lissafin bai cika fita ba. Kamfanoni irin su Garmin da Dogtra da dala suke sayarwa, na'urar tana son caji, nisan da aka rubuta a kwali yana raguwa cikin kurmi da kwari. Farautarmu kuma ta gayya ce, karnuka da yawa a guje cikin ƙura da kiɗa da ihu, mai rimot ba ya ma ganin abin da karensa ke yi, wanda kuwa bai gani ba bai kamata ya latsa ba. Haka nan ba a jan karnukan da suka kaure da faɗa kan nama, zafin ƙara tunzura su yake yi. Mai kuɗin sayen abin wuya ɗaya, gara ya sayi mai nuna inda kare yake ta tauraron ɗan'adam, domin karnuka kan ɓata a dawa.