Yadda Jirgin Kaya Ke Hawa Tudu: Daga Panama Zuwa Kainji

MINNA — Jirgin ruwa ba ya iya tsallake madatsa sai an gina masa matakalar ruwa, wato wani dogon ɗaki na kankare mai ƙofa a kowane ɓangare. Jirgi zai shiga a rufe ƙofar baya, sannan a buɗe bututun da ke kwararo ruwa daga sama har ya yi daidai da na gaba, kana a buɗe masa ya wuce. Babu injin da ke ɗaga shi. Ruwan ne ke yin aikin. Mai filafilai kuwa dole ya naɗe su ya kunna inji, mutanensa su riƙe igiyoyi don kada ambaliyar ta maka shi da bango.

Ta haka mashigin Panama, wanda aka buɗe a 1914, ke ɗaga jirage kimanin mita 26 zuwa tafkin Gatun. Na Suwez ba shi da matakala ko ɗaya. Sai dai kowane jirgin da ya ratsa Panama yana zubar da ruwan tafki mai yawan gaske cikin teku, shi ya sa farin 2023 ya tilasta rage yawan jiragen da ke wucewa a kullum, kuɗin dako ya tashi.

A Jihar Neja, an gina irin wannan matakala a madatsar Kainji da aka kammala a 1968, haka kuma a ta Jebba, domin kaya su iya kaiwa Yawuri. Ɗan kasuwar Minna ya lura cewa Baro tana ƙasa da madatsun biyu, don haka kayan da suka taso daga Warri ba su buƙatar matakala kafin su iso ta. Turawan mulki ma daga Baro suka ja layin dogo ta Minna, ya isa Kano a 1911.

Matsalar Baro ita ce zurfin kogi. An ƙaddamar da yashe Neja daga Warri zuwa Baro a 2009, aka buɗe sabuwar tashar a 2019, amma yashi kan dawo, ruwa kuma kan ja baya da rani. Saboda haka duk mai shirin ɗora siminti ko takin zamani a jirgi, kafin ya sa hannu a yarjejeniya, ya nemi sanin zurfin ruwan watan daga hukumar NIWA a Lakwaja, a kuma rubuta wanda zai ɗauki asarar jinkiri.