Kiɗa a jinyar firgicin waɗanda suka dawo daga fagen daga

Soja ko ɗan sanda ko ma'aikacin kashe gobara da ya ga tashin hankali yakan dawo gida da firgici: barci ya ƙaurace masa, ƙarar salansar babur ta sa ya zube ƙasa, ga fushi ba gaira ba dalili. A 1980 likitocin Amurka suka sa ciwon cikin kundinsu, amma tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu ake kai makaɗa asibitocin tsofaffin sojoji a can. Kiɗan da ke tafiya a hankali, bugu bayan bugu, yana taimaka wa numfashi ya daidaita, yana kuma ba mutum damar zama cikin jama'a ba sai ya yi magana ba. Taimako ne a kan magani da ganin likita.

Wani tsohon soja daga wani ƙauye a ƙasar Kabo, wanda ya yi aiki a Borno zamanin Operation Lafiya Dole, ya fara samun sauƙi ta wannan hanya. Yana shan maganinsa, da yamma kuma ya kife ƙwarya a tsakar gida yana bugawa da yatsu, 'ya'yan ƙanensa suna amsa masa da tafi. Shi ke farawa, shi ke tsayarwa. Barci ya soma dawowa, har ya koma zuwa kasuwar Gwarzo.

Sai wani kawunsa ya ce tunda kiɗa ne ke masa aiki, ai iska ce. Aka sayar da rago, aka ɗauke masa magani, aka kai shi wurin mai girka. Ɗaki a rufe, hayaƙi ya turnuƙe, ana zuba masa garaya a kunne har tsakar dare, ƙarti sun danne shi. Ya ɓalle ƙofa ya gudu. A gonar dawa aka tsince shi, ƙafafu duk ƙaya, yana neman wurin ɓuya daga harbin da babu shi. Maimakon asibiti, sai aka sa masa mari. Da gyambo a idon sawu aka dawo da shi, aikin watanni ya rushe, wai gata aka yi masa!

Ba a tsayar da magani don kawai mara lafiya ya samu barci na mako guda. Ba a danne mai firgici, ba a rufe shi a ɗaki. Kiɗan ya zama a hannunsa, in ya ce ya isa, to ya isa. Ganga mai ƙarfi daga bayansa, ko bindigar toka a wurin biki, na iya mai da shi daji nan take. Masu sayar da "maganin barci" a bakin tasha su ma a kiyaye su. Kuma likita kaɗai ke rage magani.

Wanda ya fara zancen kashe kansa ba ya jiran gobe. A kai shi babban asibiti mafi kusa, daga nan a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.