Aikin da Aka Ɗaga Sau Uku

Ranar Juma'a da yamma, bayan an sallami uwa ta ƙarshe an duba sanyin firjin magani, mai wannan rubutu ba ta kama hanyar gida nan take. Takan zaro wani ɗan littafin makaranta mai shuɗin bango daga jaka, ta buɗe shafin Litinin, ta bi shi layi-layi har ta iso Juma'a. Ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko a yankin Dukku, cikin ƙaramar hukumar Rijau ta masarautar Kontagora, kuma riga-kafin yara shi ne mafi yawan aikinta. Rajistar asibiti daban take, takardun ƙidayar da ake kai wa ofis a ƙarshen wata su ma daban. Wannan littafi nata ne, da kuɗinta ta saya, kuma abin da ta yi niyyar yi ne kaɗai ke shiga ciki.

Rubuta ayyuka ba wuya. Kusan duk ma'aikacin da ta sani yana da irin wannan littafi, ko dayari ɗin da aka raba a wajen wata bita. Komawa a karanta abin da aka rubuta, nan ake yin ta. Ita kanta ta shekara biyu tana cika shafuka ba ta waiwayarsu, har wata ruga ta koya mata hankali.

Wani watan Yuli ta rubuta cewa za ta je wata rugar Fulani ta yi wa jarirai huɗu allurar Penta ta biyu. Ba ta samu zuwa ba, ta maido da aikin mako na gaba. Mako ya zagayo, ta je ta tarar da bukkoki ba kowa sai tsofaffi da 'yan maruƙa. Ta sake ɗagawa. A karo na uku ruwa ya cika rafi, mai babur ya ce ko nawa za a ba shi ba ya tsallakawa. Da ta zauna ta jera shafukan uku, sai ta ga abin da ya kamata ta gani tun farko: duk ranakun da ta zaɓa ranar kasuwa ce, kuma duk da hantsi ta tsara tafiyar, lokacin da matan suka riga suka fita tallar nono da goyonsu. Ta aika wa arɗo, ya aiko da amsa cewa, "A gaya wa likita ta zo washegarin kasuwa da sassafe, kafin a gama tatsa." Haka aka yi, aka samu yaran duka huɗu har da ƙarin wata jaririya da ba a taɓa yi wa ko allurar da ake yi lokacin haihuwa ba.

Tun daga nan ta kafa wa kanta doka. Duk aikin da ta ɗaga sau uku, ba ta ƙara kwafe shi zuwa sabon shafi sai ta rubuta dalili a gefensa da jan biro.

A aikin riga-kafi kwanan wata yana da nauyi. Jadawalin Nijeriya ya tanadi allurar tarin fuka da ɗigon shan inna da ta ciwon hanta tun daga haihuwa. Sai Penta sau uku, a mako 6 da 10 da 14, wadda ke kare yaro daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa. A wata 9 a yi ta ƙyanda da ta zazzaɓin shawara da ta sanƙarau, a wata 15 a maimaita ta ƙyanda. Uwa takan zo ta farko da zumuɗi, amma idan damina ta kankama aka shiga noma, ko jaririn ya yi ɗan zazzaɓi bayan allura uban ya ce a bari, sai a neme ta a rasa. Lissafin mai sauƙi ne: a ce yara 50 sun karɓi Penta ta farko, 41 suka kai ta uku, to tara sun zube a hanya, kashi 18 cikin ɗari ke nan, alhali ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya yana ɗaukar duk abin da ya haura kashi 10 a matsayin matsala. Ɓarkewar mashaƙo da ta fara a ƙarshen 2022 ta addabi Kano cikin 2023 ta fi kama yaran da ba su samu allurar ba ko ba su kammala ba. Rajista za ta nuna cewa yara tara sun ɓace. Wanda zai bi su gida-gida, da ranar da zai je, da abin da ya hana shi wancan makon, a ɗan littafin nan ake samunsu.

Tsarin nata ba wani abin a zo a gani ba ne. Kowane aiki tana sa masa ɗigo a gaba. Idan ta kammala, ta gicciya ɗigon. Idan ba ta yi ba kuma har yanzu yana da amfani, ta ja kibiya ta kwafe shi da hannu zuwa mako mai zuwa. Idan ya daina amfani, ta ja layi a kansa ta huta. Daga baya ta gane cewa wani mai zane a birnin New York na Amurka, Ryder Carroll, ya fito da tsari mai irin waɗannan alamomi a 2013, ya kira shi Bullet Journal, kuma shi ma ya dage a kan kwafewa da hannu. Ta yarda da shi a nan. Wanda ya sake rubuta "gyaran murfin akwatin sanyi" karo na huɗu da yatsunsa, dole kunya ta kama shi. Amma ba sai an je Amurka ba, domin mai kanti a kasuwa da ke buɗe littafin bashi kowane dare ya ga wa ya biya wa ya saura, shi ma bitar yake yi.

Dalilan da take rubutawa da jan biron nan sukan kasu. Wasu ayyukan lokacinsu ne ba daidai ba, kamar na rugar can. Wasu sun yi girma: "wayar da kan iyaye maza" ya yi wata biyu yana yawo a shafukanta, sai da ta mai da shi "ganin liman bayan la'asar ranar Laraba" sannan ya yiwu. Wasu kuwa ba nata ba ne tun asali, na ungozoma ne ko na mai unguwa, ita ce ta ɗora wa kanta. Akwai kuma waɗanda ba yadda ta iya da su, kamar makon da aka ce hanya ba lafiya saboda 'yan bindiga, abin da mutanen wannan yanki suka sani sarai. Irin wannan takan rubuta shi yadda yake, don kada wata shida gaba ta duba ta zargi kanta da lalaci.

Abu guda take gargaɗin abokan aikinta a kai: kada a rubuta cikakken sunan mai jinya da irin ciwonsa. Littafi yakan faɗi a kan babur, yara kuma sukan buɗe jaka. Lambar rajista da sunan unguwa sun isa.

Bitar mako ba ta wuce minti 20, ta ƙarshen wata takan kai awa guda, ta haɗa ta da ranar cike rahoto. A Juma'ar da ta wuce ta tarar da ayyuka 14 a shafukan makon, 10 an gicciye su, biyu ta soke, biyu ta ja musu kibiya. Ɗaya daga cikin biyun da ta ja wa kibiya wata uwa ce da ta koma gidan iyayenta wankan jego a wani ƙauye ta wajen Zuru, da katin jaririn a hannunta. A gefen layin ta rubuta cewa za ta tambayi surukar matar ranar Litinin ko akwai asibiti kusa da inda take.