Riƙon Ƙwarya a Ajin Wata

Tambaya: Malam, ina da takardar NCE amma har yanzu ban samu aikin gwamnati ba. Hedimastan firamaren unguwarmu ya kira ni in riƙe aji huɗu na wata uku, domin malamar ajin ta tafi hutun haihuwa. Ƙungiyar iyaye da malamai ce za ta riƙa ba ni ɗan na sabulu. Yaran sun haura tamanin. Da na shiga sai hayaniya, in na yi magana su ce, "Ba haka Malamarmu take yi ba." Har na fara tunanin ɗaukar bulala. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yata, ajiye bulalar nan tukuna. Yaran ba ƙin ki suke yi ba, sun dai san karin maganar nan, baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Sun ga irinki da yawa: 'yan bautar ƙasa masu shekara guda, ɗaliban kwalejin ilimi masu gwajin koyarwa, da matasan N-Power da aka fara turawa makarantu a 2016 kan naira 30,000 a wata. Kowa ya zo, ya fara daga inda ya ga dama, ya tafi. Yaro yana auna ko ke ma haka za ki yi.

Ki dubi makarantar allo. In malam ya yi tafiya, gardin da aka bar wa almajirai ba ya ƙirƙiro sabon karatu. Allon kowane yaro yake ɗauka ya ga inda ya tsaya, ya biya masa, sannan ya ƙara masa gaba. Aji ma yana da allonsa. Ki nemi rajista, da dayarin da malamar ke rubuta abin da ta koyar kowane mako, da manhajar zangon. Amma kada ki dogara da dayari kaɗai, don sau da yawa abin da ke rubuce ya yi wa abin da ke kan yara nisa. Ki karɓi littattafan rubutun yara shida, biyu daga gaba, biyu daga tsakiya, biyu daga can baya inda ake zama a ƙasa. Na bayan nan su ne za su gaya miki gaskiya. Na sha buɗe littafin ɗan aji huɗu in tarar ya kwafe allo tsaf, kyakkyawan rubutu, amma na sa yatsa kan kalma ɗaya ya kasa karanta ta.

Sannan ki je gidan malamar ki yi mata barka, ki zauna ko na rabin sa'a. Ki tambaye ta wa ke da larurar sikila ko farfaɗiya, wace yarinya ce ke makara saboda talla, wa ba ya ganin allo daga nesa. Washegari ki ce wa ajin, "Jiya na je wurin Malamarku, tana gaishe ku, ta ce mun tsaya a lissafin rabawa." Za ki ga an yi tsit. Wannan jimla ta fi bulala goma aiki, domin ta nuna musu da sanin Malamarsu kike tsaye a gabansu. Kada ki sauya monita, kada ki sake tsarin zama a makon farko, kada kuma ki taɓa kushe ta a gabansu ko da kin ga kuskurenta.

Sunaye kuwa, ki haddace goma kullum lokacin kiran rajista, kina kallon fuska. Yaron da aka kira da sunansa daga bayan aji ba ya sake ɗaukar kansa ɓoyayye.

Maganar haƙƙinki ita ce ta fi damuna. Malaman da iyaye ke biya sukan karɓi abin da ko kusa bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka zartar a 2024 ba, kuma galibi da baki ake yin cinikin. Cikin ladabi ki roƙi hedimasta da shugaban ƙungiyar su rubuta ranar farawa, ranar gamawa, nawa ne, kuma yaushe za a biya. Wannan ba rashin kunya ba ne. In kika gama, ki karɓi takardar shaida mai hatimin makaranta, ki kuma yi rajista da hukumar rajistar malamai, TRCN, in ba ki yi ba, don ranar da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta buɗe ɗaukar malamai za ki buƙaci duka biyun.

Tun daga yau ki ware littafi guda, kullum bayan an tashi ki rubuta layi uku: abin da kika koyar, wa ya gane, wa aka bari a baya. Ranar da malamar ta dawo, littafin nan za ki miƙa mata tare da rajista.