Darasin Lafiya: Maganin Busasshen Tari, Wa Ya Kamata Ya Sha?

Da zarar hunturu ya shigo, ƙura da sanyin asuba da hayaƙin itacen girki sukan tayar da tari a gidaje da yawa. A sansanoni irin su Minawao na Kamaru, Sayam Forage na jihar Diffa da Dar es Salam kusa da Baga Sola a Cadi, inda iyali ke kwana ɗaki guda, tarin mutum ɗaya yakan hana kowa barci. Shi ya sa ake garzayawa kasuwa neman kwalbar siro. Kafin ku saya, ga abin da ya kamata ku sani.

Tari iri biyu ne

Akwai tari mai kaki, wanda ke fito da majina daga ƙirji. Wannan aiki yake yi, share huhu yake. Idan aka danne shi da magani, majinar ta zauna a ciki, ciwon ya ƙaru. Akwai kuma busasshen tari, mai ƙaiƙayin maƙogwaro, wanda ba ya fito da komai. Shi kaɗai ake ba maganin danne tari. A kwalayen da aka rubuta da Faransanci, "toux sèche" shi ne busasshe, "toux grasse" kuwa mai kaki.

Mai kodin da marar kodin

Kodin dangin ƙwayoyi masu sa maye ne. Yana kama jiki har mutum ya kasa bari, yana kuma rage numfashi. Ba a ba yaron da bai kai shekara 12 ba. A watan Mayun 2018 gwamnatin Najeriya ta hana haɗa siron tari mai kodin da shigo da shi, saboda yadda ya illata matasa.

Cikin magungunan da ba su da kodin, wanda aka fi samu shi ne dextromethorphan. Yana lafar da sashen ƙwaƙwalwa da ke ba da umarnin tari. Sauƙi kawai yake kawowa: ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya gajarta mura. Yawancin tarin mura yana tafiya da kansa cikin mako biyu zuwa uku.

Ga manya

Ku bi adadin da ma'aikacin lafiya ya faɗa ko wanda ke jikin kwali. Babba ba ya wuce miligiram 120 na dextromethorphan a awa 24. A auna da kofin awo ko cokalin da ya zo da maganin, kada a kafa kai a kwalba. Idan an yi kwana 7 babu sauƙi, a daina, a je asibiti. Yana iya kawo jiri da gyangyaɗi, don haka mai tuƙa babur ya yi hattara.

Waɗannan su tambayi likita tukuna:
- mai asma;
- mai juna biyu ko mai shayarwa;
- mai ciwon hanta;
- mai shan maganin damuwa irin su fluoxetine, domin haɗa su yana iya kawo zazzaɓi, karkarwa da ruɗewa.

Mai hawan jini da ke shan captopril ko enalapril ya sani cewa su kansu suna jawo busasshen tari. Kada ya daina da kansa, ya gaya wa likita a canza masa. Siro da yawa kuma akwai farasitamol a ciki. Idan aka ƙara da ƙwayarsa, ya yi yawa, ya taɓa hanta.

Ga yara

Yaron da bai kai shekara 6 ba, kada a ba shi maganin danne tari. Amfaninsa gare shi kaɗan ne, haɗarinsa ya fi. Daga 6 zuwa 12, sai da umarnin ma'aikacin lafiya. Jaririn da bai cika wata 6 ba, nonon uwa ne maganinsa, a yawaita ba shi. Wanda ya wuce shekara 1, a ba shi ƙaramin cokali na zuma kafin barci, ko a dama ta da ruwan ɗumi da lemun tsami. Ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma. A nisantar da yara daga murhu lokacin girki.

Siron da ba a san asalinsa ba yana kisa. A 2022 yara fiye da 60 suka rasu a Gambiya bayan shan siro mai guba da ya lalata musu ƙoda. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan wani siro mai suna Naturcold da aka samu a Kamaru da irin wannan guba. Ku karɓi magani a asibitin sansani ko kantin magani mai lasisi, ku duba ranar da zai lalace.

Alamun da ba a jira

A kai yaro asibiti nan take idan:
- yana saurin numfashi: sau 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, sau 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5;
- ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa idan ya ja numfashi;
- ya kasa shan nono ko ruwa, yana amai da duk abin da ya ci, ya yi jijjiga, ko yana barcin da ba a iya tashinsa.

Yaro ko babba, tarin da ya kai mako 2, ko ya zo da jini, rama da gumin dare, yana bukatar gwajin tarin fuka. Cutar tana warkewa idan an sha magani har ƙarshe, amma a ɗaki mai cunkoso tana saurin bin 'yan gida. Danne irin wannan tari da siro ɓata lokaci ne.

Duk wanda ke da kwalbar siro a ɗaki kuma yana shakka a kanta, ya kai wa ma'aikacin lafiya ya duba masa kafin kowa ya sha.